Gwajin antibodi na ƙarambau da zosta

Gwajin antibodi na ƙarambau da zosta gwajin jini ne da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje domin a gano ko garkuwar jikin mutum ta taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar barisela-zosta, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da VZV. Wannan bairos guda ɗaya shi ke haddasa cututtuka biyu. Ta farko ita ce ƙarambau, wadda wasu ke kira farankama, kuma tana kama mutum ne a karon farko da ƙwayar ta shiga jikinsa. Ta biyu ita ce zosta, wato ƙuraje masu raɗaɗi da kan fito a gefe ɗaya na jiki bayan shekaru, waɗanda ake kira shingils da Turanci. Gwajin ba ya neman ƙwayar cutar kanta. Abin da yake aunawa shi ne antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa domin yaƙar ta, musamman nau'i biyu da ake kira IgG da IgM.

Babban amfanin gwajin shi ne sanin ko mutum yana da kariya daga ƙarambau ko ba shi da ita. Wannan sani yana da muhimmanci ga mace mai juna biyu, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da ma'aikacin asibiti. Amma wajen tabbatar da cewa ƙurajen da ke jikin majinyaci a halin yanzu ƙarambau ne ko zosta, gwajin jini yana da rauni, kuma likitoci sun fi dogara da gwajin PCR da ake yi da ruwan ƙurji ko ɓawonsa.

Ƙwayar cutar da zamanta a jiki

VZV na cikin dangin bairos ɗin hapis, tare da waɗanda ke kawo ƙurajen leɓe da na al'aura. Mutum kaɗai take kamawa. Tana yaɗuwa ta iska da kuma ta taɓa ruwan ƙuraje, kuma saurin yaɗuwarta ya kai yadda idan yaro ɗaya ya kamu a gida, kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna gidan da ba su da kariya za su iya kamuwa. Alamomi kan bayyana tsakanin kwana 10 zuwa 21 bayan haɗuwa da mai cutar, yawanci kwana 14 zuwa 16. Mai ƙarambau yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito, kuma yana ci gaba har sai dukkansu sun bushe sun yi ɓawo.

Bayan an warke, ƙwayar ba ta barin jiki. Tana bin jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fata, ta koma ta kwanta a cikin curin ƙwayoyin jijiya da ke gefen laka da gindin ƙwaƙwalwa. Can take zama shiru har tsawon rayuwa. Idan garkuwa ta ragu saboda tsufa, ko wata cuta, ko magani, sai ta farka ta biyo jijiya guda zuwa fata. Shi ya sa ƙurajen zosta ke fitowa a jere kamar ɗamara a gefe ɗaya, ba sa tsallaka tsakiyar jiki. Kalmar zosta ma daga Girkanci take, kuma ma'anarta ɗamara. A Amurka, kimanin mutum ɗaya cikin uku kan yi zosta a rayuwarsa. Mai zosta ba ya sa wa wani zosta, amma wanda bai taɓa yin ƙarambau ba zai iya kamuwa da ƙarambau daga ruwan ƙurajensa.

Tarihi

Likitan Ingila William Heberden ne ya bambance ƙarambau da agana a 1767. A 1888 János von Bókay, likitan yara a ƙasar Hungari, ya lura cewa yara kan kamu da ƙarambau bayan sun zauna da babba mai zosta. Hujjar ɗakin gwaji ta zo ne a shekarun 1950, lokacin da Thomas Weller a Amurka ya raini ƙwayar daga ƙurajen cututtukan biyu, kuma antibodin majinyata ya taimaka wajen nuna cewa ƙwaya ɗaya ce. A 1965 Edgar Hope-Simpson, wani likitan gari a Ingila da ya shafe shekaru yana bibiyar majinyatansa, ya bayyana cewa zosta farkawar tsohuwar ƙwaya ce da ta kwanta a jijiya.

Shekarar 1974 ta kawo abubuwa biyu da suka shafi wannan gwaji. A Japan, Michiaki Takahashi ya samar da rigakafin ƙarambau daga raunanniyar ƙwaya mai suna Oka. A birnin New York kuma, Anne Gershon da abokan aikinta suka fito da gwajin FAMA, wanda har yau ake gwada ingancin sauran hanyoyi da shi.

Antibodin da ake aunawa

A kamuwar farko, IgM kan fara bayyana a jini cikin 'yan kwanaki bayan fitowar ƙuraje, IgG kuma ya biyo baya kusan nan take. Dukansu kan kai ƙololuwa cikin 'yan makonni. Daga nan IgM ya riƙa raguwa har ya ɓace cikin watanni, IgG kuwa ya zauna, yawanci har ƙarshen rayuwa. Don haka samun IgG a jinin mutum mai lafiya yana nufin ya taɓa yin ƙarambau ko an yi masa rigakafi. Gwajin da ake yi a asibitoci ba ya iya rarrabe waɗannan biyu.

IgG yana ratsa mabiyiya daga uwa zuwa ɗan tayi, mafi yawa a watanni ukun ƙarshe na ciki. IgM ba ya ratsawa. Saboda haka IgG da aka samu a jinin jariri sabon haihuwa galibi na mahaifiyarsa ne, kuma yana ƙarewa cikin watanni.

Akwai wani ɓangare na garkuwa da gwajin ba ya gani ko kaɗan. Antibodi yana taimakawa wajen hana sabuwar kamuwa, amma abin da ke danne ƙwayar da ta riga ta kwanta a jijiya shi ne fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. An lura cewa yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya ƙera antibodi kan yi ƙarambau su warke kamar sauran yara, alhali masu matsalar ƙwayoyin T kan yi mai tsanani ƙwarai. Wannan ne dalilin da ya sa tsoho zai iya samun IgG mai yawa a jini kuma zosta ta fito masa. Yawan antibodi ba ya faɗin wanda zai yi zosta ko lokacin da za ta zo.

Waɗanda ake yi wa gwajin

Yaro mai lafiya da ya fito da ƙurajen ƙarambau na yau da kullum ba ya buƙatar gwajin jini. Likita kan gane cutar da ido: ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka fi yawa a ƙirji da baya da fuska, wasu sababbi, wasu da ruwa, wasu sun bushe, duk a lokaci guda. Ana neman gwajin ne inda sakamakonsa zai canza matakin da za a ɗauka.

Masu juna biyu su ne misali mafi bayyana. Ƙarambau ta fi tsanani ga manya fiye da yara, kuma mai ciki na cikin haɗarin ciwon huhu mai tsanani, musamman idan cikin ya tsufa. Ɗan tayi ma na iya samun illa: tabo a fata, ƙanƙancewar hannu ko ƙafa, da lahani a ido ko ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka yi a Jamus da Birtaniya, wanda aka buga a 1994, ya bibiyi mata 1,373 da suka yi ƙarambau suna da ciki. An samu wannan illa a kashi 0.4 cikin 100 idan uwa ta kamu a makonni 12 na farko, da kimanin kashi 2 cikin 100 idan ta kamu tsakanin mako na 13 da na 20. A cikin mata 366 da zosta ta fito musu suna da ciki, ba a samu jariri ko ɗaya da illar ba. Wani lokaci mai haɗari kuma shi ne dab da haihuwa. Idan ƙurajen uwa suka fito daga kwana biyar kafin ta haihu zuwa kwana biyu bayan haihuwa, jaririn ya karɓi ƙwayar cutar ke nan ba tare da ya samu antibodin uwa ba, domin jikinta bai kai ga ƙera shi ba.

Saboda haka, idan mai ciki ta zauna da mai ƙarambau ko mai zosta kuma ba ta da tabbacin ta taɓa yi ko an yi mata rigakafi, ana auna IgG nata da gaggawa. A Birtaniya, ɗakunan gwaji sukan ajiye jinin da aka ɗiba a awon ciki na farko, sai a ɗauko shi a gwada ba tare da an jira sabon jini ba. Idan akwai IgG, hankali ya kwanta, babu abin da za a yi. Idan babu, ana ba da kariya. A Amurka ana yin allurar VariZIG, wato antibodin da aka tace daga jinin masu kariya, da wuri gwargwadon iko kuma cikin kwana 10 da haɗuwar. Hukumomin lafiya na Birtaniya yanzu sun fi ba da maganin asiklobir na sha, daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan haɗuwar. Rigakafin ƙarambau kuwa ba a yi wa mai ciki, domin ƙwayar da ke cikinsa rayayya ce duk da an raunana ta. Macen da aka gano ba ta da kariya sai ta haihu ake yi mata, kuma wadda aka yi wa kafin ciki ana ba ta shawarar ta jinkirta ɗaukar ciki na wata ɗaya bayan kowace allura.

Rukuni na biyu su ne masu raunin garkuwa, ko waɗanda za a raunana garkuwarsu da gangan: masu sankarar jini da sauran masu karɓar maganin ciwon daji, waɗanda za a yi wa dashen ƙoda ko hanta ko ɓargo, da masu shan magungunan danne garkuwa na dogon lokaci. A wurinsu ƙarambau na iya shiga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Lokacin da ya fi dacewa a gwada su shi ne kafin a fara maganin, domin idan babu IgG a samu damar yin rigakafi aƙalla makonni huɗu kafin a danne garkuwar. Bayan an fara, ƙofar rigakafi mai rai takan rufe.

Sai ma'aikatan lafiya da ɗaliban aikin likita da jinya da ungozoma. Ma'aikaci ɗaya da ya kamu zai iya yaɗa cutar a sashen haihuwa ko na masu ciwon daji tun kafin ya ga ƙurji ko ɗaya a jikinsa. Asibitoci a ƙasashe da dama kan nemi shaidar kariya kafin su ɗauki ma'aikaci. Cibiyar CDC ta Amurka tana karɓar shaidar allurar rigakafi biyu, ko sakamakon gwajin jini, ko tabbacin likita cewa mutum ya yi ƙarambau ko zosta. Tana kuma ɗaukar wanda aka haifa a Amurka kafin 1980 a matsayin mai kariya, domin fiye da kashi 99 cikin 100 nasu sun yi cutar, amma wannan sassauci bai shafi ma'aikatan lafiya da masu juna biyu da masu raunin garkuwa ba.

Babba da bai tuna ya yi ƙarambau ba kan iya yin gwajin kafin rigakafi, tunda a ƙasashe masu sanyi mafi yawan irin waɗannan ana tarar suna da kariya. Ba dole ba ne, domin yi wa mai kariya rigakafi ba ya cutar da shi. Batun kuɗi ne kawai, wanne ya fi arha. Haka nan CDC ba ta buƙatar gwajin jini kafin a yi wa mai shekara 50 ko fiye rigakafin zosta na Shingrix, wanda aka amince da shi a 2017.

Ɗaukar jini da hanyoyin aunawa

Ana ɗibar jini kaɗan daga jijiyar hannu, ba a buƙatar azumi ko wani shiri. Ana barin jinin ya daskare a kwalba, a juya shi a na'ura, sai ruwan jinin ya taso sama, kuma shi ake aunawa. Ana iya ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8 na 'yan kwanaki, ko a daskarar da shi idan za a daɗe. Yana da kyau mai neman gwajin ya rubuta dalili a takarda, da ranar haɗuwa da mai cutar, da ko an yi wa majinyacin ƙarin jini kwanan nan. Ba tare da waɗannan ba, sakamakon na iya yaudarar mai karanta shi.

Hanyar da ta fi yawa ita ce ELISA da danginta da injina ke gudanarwa. Ana manna sassan ƙwayar cutar a ƙasan ƙananan ramuka, a zuba ruwan jinin majinyaci. Idan akwai antibodi zai maƙale a kansu. Sai a wanke, a ƙara wani sinadari da ke kama antibodin mutum ya canza launi ko ya ba da haske, na'ura ta auna ƙarfinsa. Hanyar tana da sauri da sauƙin kuɗi, kuma tana gano kariyar wanda ya yi ƙarambau sosai.

FAMA ta fi ta gani. Ana haɗa ruwan jini da ƙwayoyin halitta da aka sa wa bairos ɗin, sannan a duba da madubin likita ko zobe mai haske ya kewaye su. Ana sirka ruwan jinin mataki-mataki, kuma idan har yanzu ana ganin hasken bayan an sirka shi kashi ɗaya cikin huɗu, ana ɗaukar mutumin mai kariya. Sai dai tana cin lokaci, tana buƙatar rayayyen bairos da ƙwararren ma'aikaci, don haka ɗakunan bincike kaɗan ne ke yin ta. Akwai kuma gpELISA, wadda ke amfani da tatattun furotin na fatar ƙwayar, kuma da ita aka auna tasirin rigakafi a gwaje-gwajen kamfanin Merck. Gwajin lates, inda ƙananan ƙwayoyin roba ke dunƙulewa idan akwai antibodi, yana ba da amsa cikin kamar minti 15, amma karanta shi da ido kan jawo kuskure ta ɓangarorin biyu.

Fassara sakamako

Rahoto kan zo da ɗaya daga cikin amsoshi uku: akwai, babu, ko ba a tantance ba. Wasu ɗakunan gwaji kan ƙara da adadi. A Birtaniya, mai cikin da IgG nata bai kai mIU 100 a kowace mililita ba ana ɗaukar ta marar kariya, ga masu raunin garkuwa kuma iyakar ita ce 150. Kowace na'ura tana da ma'auninta, don haka ba a kwatanta lambar wani ɗakin gwaji da ta wani kai tsaye.

Akwai IgG babu IgM, ga mutum marar ƙuraje, yana nufin tsohuwar kamuwa ko rigakafi. Rashin duka biyun yana nufin babu kariya, ko kuma an ɗibi jinin da wuri kafin antibodi ya fito, ko na'urar ba ta iya gano ɗan abin da ke akwai ba. Samun IgM tare da ƙuraje yana nuna ƙwayar tana aiki a lokacin, amma bai faɗi ko kamuwar farko ce ko farkawa ba, domin IgM kan dawo a zosta, wani lokaci ma ba tare da wata alama ba. Rashin IgM kuma bai kore cutar ba. Sakamakon da ba a tantance ba ana maimaita shi, kuma idan ana gaggawa, kamar ga mai ciki da ta haɗu da mai cutar, an fi ɗaukar sa a matsayin babu kariya.

Hanyar da jini ke iya tabbatar da sabuwar kamuwa ita ce ɗiba sau biyu: ɗaya a kwanakin farko na ƙuraje, ɗaya bayan makonni biyu zuwa huɗu, a gwada su tare. Idan IgG ya tashi daga babu zuwa akwai, ko ya ninka sau huɗu, an tabbatar. Matsalar ita ce kafin amsa ta zo majinyaci ya warke ko ya tsananta. Maganin asiklobir ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙurajen ƙarambau, ko cikin awa 72 a zosta, don haka likita ba ya jiran jini na biyu kafin ya ba da magani. Wasu ɗakunan bincike kan auna ƙarfin riƙon IgG: sabon antibodi riƙonsa sako-sako ne, tsoho kuwa yana kamawa da ƙarfi. Wannan na taimakawa wajen rarrabe kamuwar farko da farkawa.

Inda gwajin ke yin kuskure

Kuskuren da aka fi yawan gani ya shafi waɗanda aka yi wa rigakafi. Antibodin da rigakafi ke samarwa bai kai yawan na wanda ya yi cutar ba, kuma yawancin na'urorin ELISA na kasuwa an tsara su ne don gano na ƙarshen. Mutum zai iya karɓar allura biyu, yana da kariya, rahoto ya ce babu. Saboda wannan CDC ba ta ba da shawarar a auna jini bayan rigakafi, kuma tana ɗaukar rubutacciyar shaidar allura biyu sama da sakamakon gwajin kasuwa. Batun ya ƙara girma a ƙasashen da suka daɗe da rigakafin yara. Amurka ta fara a 1995, lokacin da ake samun kimanin mutum miliyan 4 da ke kamuwa a shekara, tare da mutuwar 100 zuwa 150, ta kuma koma allura biyu a 2006. Yaran wancan lokaci su ne ma'aikatan jinya da iyaye mata na yanzu.

Kuskure na ɗaya ɓangaren ya fi haɗari, wato rahoto ya ce akwai kariya alhali babu. Wanda aka yi wa ƙarin jini, ko ruwan jini, ko allurar imunogulobulin, yana ɗauke da antibodin wasu mutane na tsawon watanni. Gwaji zai gan shi, amma aro ne, zai ƙare. Masu ciwon daji da ake yawan ƙara wa jini su ne suka fi faɗawa wannan, kuma su ne kuskuren ya fi cutarwa. Idan akwai jinin da aka ajiye kafin ƙarin, shi ya kamata a gwada.

IgM kuma yana da nasa ruɗanin. Wani furotin da ake samu a jinin masu amosanin gaɓɓai na iya sa ya nuna akwai a ƙarya. Bairos ɗin hapis simpiles yana da furotin masu kama da na VZV, don haka kamuwa da ɗaya na iya ɗaga antibodin ɗayan.

Idan akwai ƙurji a jiki, PCR ya fi duk waɗannan. Ana goge gindin ƙurjin da auduga ko a ɓamɓaro ɓawonsa, a nemi DNA na ƙwayar. Yana rarrabe VZV da hapis simpiles, har ma yana iya bambance ƙwayar rigakafi ta Oka da wadda ke yawo a gari. Tsohon gwajin Tzanck, inda ake kankaro ƙurji a duba da madubin likita, yana da arha amma ba ya rarrabe bairos ɗin biyu.

Ruwan laka

Akwai wuri ɗaya da antibodi kan fi PCR amfani. VZV na iya farkawa ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko laka, ko jijiyoyin jinin kai, har ta jawo shanyewar ɓarin jiki makonni ko watanni bayan zosta, wani lokaci ba tare da ƙurji ya taɓa fitowa ba. Zuwa lokacin DNA na ƙwayar kan ɓace daga ruwan laka, amma antibodin da aka ƙera a cikinsa yana nan. A wani bincike na 2008 kan majinyata 30 masu wannan matsala ta jijiyoyin jini, an samu DNA a ruwan lakar kashi 30 cikin 100, IgG kuwa a kashi 93. Ana ɗibar jini da ruwan laka a rana ɗaya a kwatanta su, domin a tabbatar antibodin a ciki aka ƙera shi, ba daga jini ya tsallaka ba.

A ƙasashe masu zafi

A Turai da Arewacin Amurka kafin rigakafi, kusan kowa kan yi ƙarambau tun yana yaro. A yankuna masu zafi da dama, kamar kudancin Indiya da Siri Lanka da Singafo da wasu tsibiran Karebiyan, kamuwar kan yi jinkiri, manya da yawa kan kai shekarun aure da aiki ba su da kariya. Shi ya sa jagororin Birtaniya ke cewa maganar baki ta wanda ya tashi a ƙasa mai zafi ba ta kai ta wanda ya tashi a can inganci ba, an fi so a gwada jininsa. Ma'aikatan jinya da likitocin Afirka da ke tafiya aiki ƙasashen waje sukan haɗu da wannan gwaji a binciken lafiyar ɗaukar aiki. Akwai kuma ruɗanin suna: abin da uwa ta tuna a matsayin ƙarambau na iya kasancewa ƙyanda ce ko wasu ƙurajen dabam.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2014 cewa ƙarambau na kwantar da mutum miliyan 4.2 a asibiti kowace shekara, tana kuma kashe kimanin 4,200. Ta ba da shawarar cewa ƙasar da za ta sa rigakafin a jadawalin yara ta tabbatar za ta iya kaiwa ga aƙalla kashi 80 cikin 100 nasu, domin idan aka gaza haka cutar na iya komawa kan manya, inda ta fi tsanani. Rigakafin ƙarambau ba ya cikin jadawalin rigakafin yara na gwamnati a Najeriya, don haka IgG da aka samu a jinin yawancin 'yan ƙasar daga kamuwa da cutar ya fito.

Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a watan Satumba na 2017 daga jihar Bayelsa, tana kama da ƙarambau a ido, kuma masu sa ido kan annoba sukan gwada samfur ɗaya don cututtukan biyu. IgG na VZV ba ya warware wannan, tunda yawancin manya suna da shi tun da daɗewa, kuma a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango an samu majinyata ɗauke da ƙwayoyin biyu a lokaci guda. PCR na ƙurji ne ke rarrabewa. Haka nan idan zosta ta fito wa matashi, ko ta maimaita, ko ta mamaye wuri fiye da ɗaya, gwajin jinin da likita zai fi nema shi ne na HIV, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya zosta cikin alamomin mataki na biyu na cutar.